Jinyar Mama Kleta

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Mama Kleta ya faɗi jiya. Yana tsaka da wanke wa wata mata kai a shagonsa na gyaran gashi hannun dama ya saki, sai ƙasa. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Baki ya karkace, magana ba ta fita sai da ƙyar.

A katin da ke jikin gado an rubuta Anacleto. Na daɗe ina kallon sunan. Shekara ashirin da wani abu ban ji wanda ya kira shi haka ba.

Nas ta ce a ɗakin nan kowane gado da mai jinyarsa, dare da rana, su ba su da hannun wanke kowa ko ba shi abinci. Ta tambayi matarsa da 'ya'yansa. Na ce ba shi da su, mu ne. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Au, bakla ne ku." Na ce eh, maza ne masu son maza, ko da wani gadon daban da ake ba irinmu? Ta yi dariya, ta miƙo min kwalin da zan shimfiɗa a ƙarƙashin gado.

Mu huɗu muka rage wa Mama: ni, Dori, Ruel da Efren. Na rubuta a guruf ɗinmu, kafin in ajiye waya ta cika da hotunan zuciya da hannuwan addu'a. Dori ya rubuta, "Nilo ƙawata, kar ki damu. Uwarmu ce, ko goya ta ne za mu yi."

Mun raba aiki. Ruel safe, Efren rana, Dori Asabar da Lahadi. Ni dare, da kuma Litinin gaba ɗaya, tunda ita ce ranar hutuna a ɗakin guga na otal.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Kwalin ya fi katifata gaskiya, ko ba komai bai yi min alkawarin laushi ba.

Jiya kowa ya zo a kan lokaci. Ruel ya aske wa Mama gemu, yana yi yana tsiya: "Ke tsohuwa, ashe duk kyan nan hoda ce. Dubi fuska kamar busasshen mangwaro." Rabin bakin Mama ya yi dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina wataƙila ni ne mai mugun zato.

Da can mun fi goma a teburin Lahadi a shagon Mama. Duk wanda gidansu suka kora, nan yake sauka, ya ci, ya kwana tsakanin kujeru, ya koyi riƙe almakashi. To ina suke? Wani ya tafi Italiya wankin tsofaffi. Wani ya auri mace don uwarsa ta daina kuka. Biyu sun mutu. Wani ya samu saurayi ya manta hanyar unguwarmu Sampaloc. Sauran faɗa ne ya ɗauke su, kuma a kan namiji kullum. Duk wanda ya ɓace sai Mama ya ce a bar masa farantinsa, zai dawo. Farantan suna nan a kan kanta.

Juma'a, 11 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Tir.

Na iso na tarar da Mama cikin wandon da ba nasa ba. Aling Pasing, matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa da namu, ta ja ni gefe.

"Ɗana, ba gulma ba, amma abokan nan naka me ke tsakaninsu? Na safen ƙarfe sha ɗaya yake tafiya. Na ranar sai ƙarfe ɗaya yake zuwa, shi ma sai ya leƙo ta taga tukuna. Yau bawan Allahn nan ya ɓata jikinsa, yana kwance a ciki yana buga ƙarfen gado da hannu ɗaya. Ni na wanke shi. Wandon na mijina ne."

Na yi mata godiya, kunya kamar in nutse.

Ruel da Efren ba sa magana tun Disamba. Ba zan rubuta abin da ya faru a Disamba ba, wanda aka yi abin dominsa ma ya daɗe da komawa wurin matarsa. Ni da na jera su ɗaya bayan ɗaya na ɗauka gadon asibiti zai sa su ji kunya. Wautata ce.

Na kira Ruel. Ya ce, "Ni dai na yi nawa. In waccan ta makara, laifina ne?" Na kira Efren. Ya ce, "In na ga fuskarta jinina hawa yake. So kike a ba ni gado kusa da Mama?"

Maza masu furfura har cikin hanci.

Asabar, 12 ga Yuli, tsakar rana

Warin ɗakin nan ya shiga gashina. Wata ta matsa daga kusa da ni a cikin jifni, motar haya.

Lahadi, 13 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Dori ya zo jinya da safar hannu biyu-biyu da kwalbar turare. Ya ɗauki hoto yana riƙe da hannun Mama, ya sake ɗauka ta ɓangaren fuskar da bai karkace ba. Da lokacin canza ƙunzugu ya yi, wayarsa ta yi ƙara, in ji shi, ya fita. Aling Pasing ta ce ita dai ba ta ji ƙarar komai ba.

Hoton yana nan a shafinsa, an rubuta a ƙasa "tare da uwarmu har abada". Jama'a sai sa masa albarka suke.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Ruwa tun asuba. Efren ya aiko saƙo wai ambaliya ta kai gwiwa a layinsu, ba zai iya fitowa ba. Na ajiye dutsen guga na baro aiki da rana tsaka. Shugabar ɗakin guga ta ce, "Nilo, wannan na biyu kenan. Na uku kada ka dawo." Ban ga laifinta ba, zannuwan gado ba sa goge kansu.

Ina ba Mama ruwa da cokali sai ga hoton Efren a gidan silima da sabon yaronsa, takalminsa a bushe ƙarau. Ya goge hoton daga baya. Na riga na gani.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Likita ya ce maƙogwaron Mama bai dawo daidai ba. Kada a ba shi komai sai kunun shinkafa mai kauri, cokali-cokali, yana zaune sosai. Na rubuta a guruf da manyan baƙi. Duka ukun suka sa alamar babban yatsa.

Mama ya fara haɗa kalmomi. Ta farko da ya ce min ita ce "mummuna". Na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Wani ya kira Samar, tsibirin da aka haifi Mama.

Na shigo na ga wani tsoho baƙi, busasshe, zaune a kujerata da jakar leda mai warin busasshen kifi. Ban taɓa ganinsa ba amma na gane shi, hancinsu ɗaya. Eusebio ne, yayan Mama.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin Lahadi ya san Eusebio. Shi ne ya kama Mama yana ɗan shekara sha shida da jan-bakin uwarsu, ya danna masa kai cikin duron ruwa, yana ɗagowa yana tambaya namiji ne ko mace. Mama yakan ba da labarin da wasa, mu yi ta dariya har da buga tebur. Amma ban taɓa ganin ya yarda wani ya wanke masa kai ba, shi da ke wanke na duk unguwa.

Na tambaya a guruf wa ya kira. Can Dori ya rubuta, "Ai jini jini ne, yana da haƙƙin ya sani." Ruel ya rubuta, "Ni ba ruwana." Efren ya turo hoton kyandir. Wayar Mama hannu huɗu ta bi, ɗaya nawa ne, kuma na san ban kira ba.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Mun yi magana da tsohon a baranda. Ba ya kallon mutum in yana magana.

Ya ce, "In an sallame shi zan tafi da Cleto gida. Akwai matata, akwai 'ya'yana mata."

Na ce, "Kuya, babban yaya, gidansa nan ne. Shekara arba'in yana Manila. Yana da mutanensa."

"Ina suke?"

"Suna zuwa."

"Kwana biyu ina nan. Mai turaren nan kawai na gani, shi ma bayansa na gani yana fita." Ya tofar da yawu ta ƙarfen baranda. "Lahadi mai zuwa ka tara min su in gan su da idona. In akwai mai riƙe shi, ni ba neman kaya nake ba."

Da na koma ciki Mama ya damƙe min hannu da hannunsa mai lafiya, har farce ya shiga. Ya yi ta kokawa da bakinsa kafin ta fito. "Samar, a'a." Ya sake faɗa. Na ce na ji, Mama, ba inda za ki.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Tsohon ya iya juya Mama fiye da ni. Surukarsa ta yi irin ciwon, in ji shi. Na tsane shi.

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe bakwai na yamma

An sallame mu. Mama ba zai iya hawa bene ba, don haka mun kafa gado a ƙasa cikin shago, tsakanin madubai. Ko ta ina ya juya, kansa yake gani. Na so in rufe su da zani, ya hana.

Na bi su ɗaya-ɗaya a waya. Na roƙi Ruel, na roƙi Efren, ni da ban taɓa roƙon namiji ba ko a lokacin da nake da ƙugu. Na ce awa biyu kawai ku zauna a ɗaki ɗaya, ku nuna wa mutumin nan akwai mu. Dori ya ce, "Bar min wannan, ƙawata. Zai ga abin da bai taɓa gani ba a ƙauyensu."

Maganar nan ta tsaya min a rai.

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Jiya ban iya rubutu ba.

Sun zo, duka ukun. Dori da balan-balan da na'urar waƙa. Efren da gasasshen alade, da yaron nasa da ba wanda ya gayyata. Ruel cikin riga mai walƙiya, ya zauna a ƙarshen shago inda ba zai ga Efren ba sai ta madubi. Eusebio yana bakin ƙofa a kan benci, hularsa a gwiwa.

Dori ya buɗe babban faranti na pansit, soyayyar taliya. Ya ce fitowa daga asibiti sabuwar haihuwa ce, kuma ba a bikin haihuwa babu taliyar tsawon rai. Na ce ku ci abinku, na Mama yana kan wuta. Na shiga baya ina juya kunu. Ina jin su suna waƙa, Efren yana jan murya kamar ana yanka shi.

Sai waƙar ta tsaya, kiɗan ya ci gaba shi kaɗai.

Na fito da ludayi a hannu. Mama ya yi baƙi, idanu sun firfito, taliya tana reto a gefen bakinsa. Dori ne ya ba shi. Bai yanka ta ba, don in an yanka an yanke kwanan mutum. Yana tsaye da cokali mai yatsu yana ta cewa "Yesu, Maryamu" kamar su suka dafa. Efren ya rufe fuska. Ruel yana ihu a kawo ruwa, ruwan da zai ƙarasa shi. Ni ma ina tsaye da ludayina ina kallo.

Eusebio ya ture mu. Ya sunkuyar da Mama a kan hannunsa, ya buga masa tsakanin kafaɗu, ya sake bugawa, ya zura yatsa ya jawo abin. Ta yi ta fitowa, doguwa, ba ta tsinke ba. Mama ya yi amai a ƙafar tsohon. Ya cire rigarsa ya goge masa baki da ita, ya gyara masa zama, sannan ya kashe na'urar da kansa.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Ya ce, "Gobe Litinin. Wa ke nan?"

Na ce ni.

"Talata fa?"

Ban taɓa sanin fankar shagon nan tana da ƙara haka ba. Dori ya ce shi ke ɗauko 'ya'yan ƙanwarsa daga makaranta, kowa ya sani. Efren ya ce Talata ranar kai kaya ce, amma zai duba Laraba. Ruel ya ce, yana kallon silin, shi zai iya Talata in dai ba wata ce za ta karɓe shi Laraba ba. Efren ya ce, "Wata tana da suna." Suka fara. A gaban tsohon, a gaban aman da ba wanda ya goge, suka kwance Disamba tun daga farko, har da abin da ni ma ban sani ba.

Na buɗe baki in ce ni zan ɗauki Talatar. Na tuna shugabar ɗakinmu, na tuna ɗakin hayata. Na rufe.

Mama yana kallonmu ta madubi, ɗaya bayan ɗaya, har da ni. Sai ya buga hannun gado. Kowa ya juyo. Bai yi kokawa da bakin ba wannan karon, ta fito tas.

"Samar."

Dori ya fashe da kuka. Ya iya kuka, ba a ƙwace masa wannan.

Talata, 29 ga Yuli, tsakar rana

Eusebio ne ke tare da Mama. Ni ina nan ina goge zanin gadon da wasu baƙi suka yi abin da suka yi a kai.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Guruf ya farfaɗo. Tun safe waya take rawa a aljihuna. Liyafar bankwana ake shiryawa, wai ba za a bar uwarmu ta tafi haka kawai kamar wadda ba ta da kowa ba. Za a sa fararen kaya. An gano lambar waɗanda suka ɓace shekara da shekaru, har na Italiya zai shigo ta bidiyo. An yi ta jefa ranaku ana cirewa.

An tsayar da Talata. Ita ce ranar da kowa yake da sarari.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Jiya na je liyafar bayan na tashi aiki, don Mama.

Shagon ya cika maƙil. Fuskokin da na manta, duk sun yi ƙiba, duk suna rungumar juna suna "kin ganki kuwa". An sauke farantan nan an wanke. Kowa ya riƙe abin magana ya faɗi yadda Mama ya tsince shi a titi. Ba wanda ya tambayi sau nawa ake juya shi a dare.

Can Eusebio ya ce gashin nan ba zai yiwu ba. Ya yi tsawo, wanke shi aiki ne, kuma a ƙauye za a yi ta kallo. Ya tambaya ko akwai mai aski kusa. A cikin shagon gyaran gashi, cike da mutanen da Mama ya koya wa sana'a.

Na jira wani ya ce a'a. Ruel ya miƙe ya ce, "Gara hannun gida ya yi." Ya ɗauko almakashin Mama. Sai Efren ya taso ya riƙe masa gashin. Ɗaya yana riƙewa ɗaya yana yankewa. Kafin su gama suna kuka a kafaɗar juna, jama'a suna tafi, Dori yana ɗauka a waya yana cewa, "Kun gani? Mama ta shirya su."

Gashin yana ƙasa, ja a baki, fari a gindi, ana taka shi. Mama ya rufe ido tun daga farko har ƙarshe. Ni na ɗauko tsintsiya, don ba wanda zai ɗauko.

Na yi amai a kwata kafin in hau jifni. Ban sha komai ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Motar Samar ƙarfe bakwai ta tashi. Dori ya ce ba zai iya jure gani ba. Ruel da Efren sun kwana suna hira, ba su farka ba. Ni kaɗai na je tasha.

Da farko na wuce Mama da yayansa ban gane su ba. Tsofaffi biyu ne a kan benci, masu kai iri ɗaya, ɗaya cikin rigar ɗaya. Sai da Eusebio ya ɗaga min hannu.

Na ba shi magunguna, na faɗa masa na safe da na dare. Ya ce ya sani. Da aka kira fasinja ya durƙusa ya goya Mama ya hau da shi matakalar mota. Na ga hannun Mama mai lafiya ya zagaye wuyan mutumin nan ya riƙe gam, don in bai riƙe ba faɗuwa zai yi.

An zaunar da shi jikin taga. Na buga gilashi, tsohon ya zuge masa. Na shirya tsiyar da zan yi masa a kan askin tun a hanya, amma ta ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne, "Zan zo Kirsimeti, Mama. Ki ajiye min kifi."

Ya kalle ni. Rabin bakin ya ɗaga kaɗan.

"Maƙaryaciya."

Mota ta ja.

A otal ɗinmu ba a ba kowa hutu a Disamba, lokacin ne baƙi suka fi yawa. Ya sani, shi ya samo min aikin.